Tagullar da Ta Ƙi Cinyewa

A layinmu na Saint-Jacques ba a kiran sunan Mathurin Coquerel a gaban masu koyon sana'a. In wani ya yi suɓul da baka, sai tsofaffi su yi gum, kowa ya duƙufa kan aikinsa. Ni ma ban tabbata ya dace in rubuta ba. Amma Innata, Fanchon, ta zauna gida ɗaya da su, bene ɗaya ne tsakani, kuma abin da ta gani da idonta shi zan faɗa.

Mathurin mai zane ne a kan tagulla, kamar rabin mazan layin. Ba a raina hannunsa ba, sai dai aikin da ke zuwa masa duk ƙanana ne: hoton waliyyi na ratayewa a kan gado, tambarin mai sayar da hula, katin gayyatar jana'iza. Abin da masu hali ke rububi a lokacin kuwa shi ne hotunan soyayyar allolin mutanen dā, irin waɗanda ake ratayewa a ɗakin da baƙo ba ya shiga. Allahiya kishingiɗe a gindin bishiya, saurayi maharbi ya sunkuyo kanta, jariri mai fukafukai yana leƙe ta cikin ganye. Duk wanda ya yi suna a wannan, shi da miyar albasa sai dai marmari.

Mathurin ya gwada, kuma hotonsa ya yi kyau. Amma kowa ya san halin tagulla. Duk sanda aka shafa mata tawada, aka goge da tafin hannu, aka tura ta cikin matsi, wato injin buga hoto, da jiƙaƙƙiyar takarda, sai ta ɗan cinye. Layukan da suka fi siriri su ne ke fara tafiya, gashin ido, inuwar kumatu, jijiyar ganye, har hoton ya koma kamar tsumman da ya sha wanki. Aikin da ya cinye masa shekara, kafin ya fanshe wahalarsa ya mutu. Sauran masu zane sun ɗauki wannan a matsayin yadda Allah ya yi abin. Shi kuwa Mathurin sai ya ɗauke shi a matsayin cin mutunci.

Mutanen gidansa ba su da yawa. Akwai matarsa Perrine, ita ke jiƙa takarda ta kuma shanya hotuna a igiya. Akwai ƙaninsa Firmin, ƙato mai dariya kamar tsawa, shi ke juya matsi. Sai 'yarsu Toinon, wadda ba ta daɗe da iya magana ba. Suna tare da shi a ɗaki ɗaya, amma kamar a wani gari yake.

"Mathurin, miya ta huce," in ji Perrine.

"Ina zuwa."

"Tun ƙararrawar rana kake zuwa. Allahiyar nan taka ba ta jin yunwa, kai kana ji."

"Ƙyale shi, matar yaya," in ji Firmin, yana jawo kwanon. "In bai ci ba, ni ina da wurin ajiya."

Su yi dariya, shi ko ɗago kai ba ya yi.

Wani maƙeri mai daɓe farantan tagullar da ake zane a kansu ne ya tsegunta masa labarin tsohon da ake kira Baba Gaucher, wanda ke zaune a ramukan da aka daina fasa dutse, bayan ganuwar gari. Wata Lahadi da safe, mutane na coci, Mathurin ya naɗe sabon faranti a mayafi, ya ɗauki alƙalamin ƙarfen da yake zane da shi, ya fita ba tare da ya ce wa kowa komai ba.

A waje rana ce tarwai, amma yana sa ƙafa a bakin ramin sai sanyi ya kama shi har ƙashi. Bango na tsattsafo da ruwa. Hanyar ta yi ta ƙunci har sai da ya duƙa, sannan ta buɗe ta zama ɗaki. Kyandirori na baƙin kitse na ci a ƙasa, hayaƙinsu ba ya tashi sama, sai ya kwanta a gwiwar mutum. Daga ƙasa har rufi an kafe bangon da tsofaffin farantan tagulla, duk sun yi kore, kuma a kowanne akwai jikin mutane, hannuwa, ƙafafu, tufafi, amma inda fuska take babu komai sai santsi. A tsakiya an girke kaskon dutse cike da koren ruwa mai cin ƙarfe, yana tafasa alhali babu wuta a ƙarƙashinsa. Akwai babban madubi, an juya fuskarsa bango.

Tsohon na zaune bayan kaskon. Yatsunsa babu farce ko ɗaya. Mathurin na ganin yatsun ya san ɗan sana'a ne.

"Kai ne mai waliyyai," in ji tsohon. "Sun gaji da kai ne, ko kai ka gaji da su?"

"Faranti nake so wanda ba ya cinyewa, Baba."

"Kowa shi yake so. Ɗana, kai ba baƙo ba ne a aikin nan. Ka san duk abin da ya shiga matsi, sai wani abu ya ragu."

"Da ban sani ba, da ban zo ba."

Mathurin ya kai hannu aljihu zai ciro kuɗi. Tsohon ya yi tsaki.

"Mayar da shi. Me zan saya a cikin ramin nan?"

"To me kake so? In raina ne, gaya mini tun yanzu in juya."

"Ranka?" Tsohon ya yi dariya har da tari. "Kai ma mai shi ba ka amfani da shi, ni me zan yi da shi? Sharaɗi ɗaya ne, kuma na aiki ne. Kada ka ƙago fuska daga kanka. Kada ka kwafo ta daga gunkin dutse, ko daga matan nan da ake haya su zauna. Fuskar da za ka sa a tagulla ta zama ta wanda ke sonka. Ita kaɗai ke riƙe layi. Kana da irinsu?"

"Ina da su."

"Ashe ma kai mai arziki ne."

Mathurin ya ɗauka ba'a ce, ya ɓata rai. "Bar zolaya, Baba. Matsin fa? Ka ce sai wani abu ya ragu."

"Matsi zai karɓi nasa. Ba daga tagulla ba. Ba kuma daga jikinka ba."

A nan ya kamata ya ƙara tambaya ɗaya. Tana bakinsa, ya ji ɗacinta. Amma kunnensa ya riga ya kama "ba daga jikinka ba," sai ya haɗiye ta.

Tsohon ya karɓi alƙalamin, ya riƙe shi a kan kyandir har bakinsa ya yi ja, abin da wutar kyandir ba ta isa ta yi ba. Ya ce wa Mathurin ya durƙusa, ya kai bakinsa dab da kaskon, ya kira sunayen masu sonsa ɗaya bayan ɗaya. Mathurin ya ce Perrine, aka tsoma ƙarfen, ruwan ya yi ƙara kamar mace ta ja numfashi. Ya ce Firmin, ruwan ya yi gurnani. Sai ya ɗago kai daga kaskon.

"Saura," in ji tsohon.

"Yarinya ce ƙarama."

"Ba ta sonka ne?"

"Toinon," in ji Mathurin. Wannan karon ruwan bai yi ƙara ba, wani ɗan tururi kawai ya tashi. Tsohon ya soki babban yatsan Mathurin da bakin alƙalamin, ya shafa jinin a bayan farantin, ya hura masa iska, ya miƙa masa kayansa.

"Je ka. Kada ka gode mini, ba na so."

Innata ta ce watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Perrine, kuma wannan ne ya fi sa ta kuka in ta tuna. Mathurin ya zaunar da ita kusa da taga, ya warware mata gashi da hannunsa, ya wuni yana kallonta. Ta hau bene wurin Innata, fuska cike da fara'a.

"Fanchon, yau ya san ina da tabo a gefen ido. Shekara nawa muna tare, yau ya gani!"

"Ke yake kallo, ko madubi?" Don masu zane ta madubi suke duba abu, saboda hoto juyewa yake a takarda.

"Ta madubi ne. Amma ai ni ce a ciki."

Firmin ya zama maharbi, aka rataya masa bakan aro. "Ni da ko ɓera ban taɓa kamawa ba," in ji shi. "Yaya, ka rage mini tumbi, don Allah, kada allahiya ta gudu." Toinon aka ɗaura mata fukafukan dinya, tana ta zagaye ɗakin tana cewa ita tsuntsuwa ce. Ubanta ya zana ta a can kusurwa cikin ganye, da layuka sirara kamar gashin jariri. Perrine kuwa ya nutsa alƙalami sosai a fuskarta, don ita ce tsakiyar hoton.

Ranar da aka ɗaga takardar farko daga kan farantin, kowa ya matso ya gani. Allahiyar kamar za ta motsa leɓe. Kafin sati ya zagayo, kekunan doki sun fara tsayawa a ƙofar gidan. Aka yi ta bugu, bazara ta wuce, sanyi ya shigo, hoton na fita kamar ranar farko. Tsofaffin layin suka zo da gilashin ƙara girma suka duba farantin, suka fita suna girgiza kai. Mathurin ya karɓe gidan ƙasa gaba ɗaya, ya sa gashin aro na manya, takalminsa da maɓallin azurfa. Nama ya zama abincin kullum. Sai dai ya koma ci shi kaɗai a shago, kusa da farantin, don ba ya yarda ya bar shi da kowa.

Toinon ce ta fara. Wata safiya Perrine na wanke mata fuska sai ta ga babu gashin ido ko ɗaya. Bayan nan gashin kanta ya yi ta sirancewa, jan kumatunta ya tafi, muryarta ta koma sai ka kai kunne. Ba zazzaɓi, ba tari, ba ta ce ko'ina na mata ciwo. Likita ya zo ya tafi bai gane komai ba. Innata ta ɗauke ta wata rana, ta ce kamar ta ɗauki rigar yarinyar babu yarinyar a ciki. Ƙasan bene kuwa matsi na ta kuka, ƙiii, ƙiii, daga safe har yamma. Ta rasu a cinyar uwarta da rana tsaka, shiru, kamar kyandir ya ƙare. An rufe shago ranar jana'iza. Washegari aka buɗe.

Firmin ya daina dariya, aka ce baƙin ciki ne. Amma wata rana ya tsayar da matsi, ya je ya tsaya a kan yayansa, ya buɗe tafin hannunsa.

"Yaya, dubi."

"Tawada ce. Je ka wanke."

"Na wanke. Ina layukan hannuna? Ina gashin girata? Ni na san wannan cinyewar, kullum ina ganinta a tagulla. Sirara su fara, sannan masu kauri." Ya nuna farantin. "Shi kuma ko gezau. Ina ka je ran Lahadin nan da ba ka zo coci ba?"

"Kai, ka iya bakinka."

"Toinon ce ka zana da siraran layi."

Mathurin ya yi fari fat. Innata na kan bene da tulun ruwa, ta ji komai. Ta rantse a lokacin ya gane, in ma da can bai gane ba.

"'Yan kasuwar birnin Lyon na jira," in ji shi a hankali. "Na riga na yi musu alkawari. Mu gama nasu, sai mu huta."

"Mu gama nasu," Firmin ya maimaita. Ya kwance rigar aikinsa ya ajiye a kan matsi. "Tun ina yaro nake bin bayanka, Mathurin. Ko yanzu ban iya ƙinka ba, abin haushin ke nan."

Ya tafi bakin kogi yana dakon itace. Mathurin ya ɗauko ma'aikata biyu daga wata unguwa, waɗanda ba sa tambaya. Bayan na Lyon sai ga na wani gari, bayan su sai ga wasu. Kafin ganye ya sake fitowa aka tsinci Firmin zaune a jikin tarin itace, ya mutu. Masu jirgin da suka kawo shi sun ce mutum ɗaya ne ya ɗauko gawar, da hannu ɗaya.

Saura Perrine. Ita layukanta masu zurfi ne, shi ya sa ta daɗe. Takan zauna a tagar nan da aka zana ta, ita kaɗai, daga safe har duhu. Mijinta na ƙasa, ba ya iya hawowa ya dube ta. Innata ce kawai ke leƙa ta da ɗan romo.

"Fanchon, akwai waƙar da nake wa Toinon. Ya take ma?"

Innata ta rera mata.

"Haka take? Ban san ta ba."

Ranar da ta kasa ɗaga cokali, Mathurin ya sallami ma'aikatan, ya tsayar da matsi. Ya jira ya ga ko za ta farfaɗo. Ba ta ƙara lalacewa ba, amma abin da ya tafi bai dawo ba. Sai ya yi tunani irin na ɗan sana'a. A layinmu, in fuska ta ɓaci a faranti, ba a jefar da shi. Kankare wurin ake yi, a goge da magogi har ya yi santsi, a juya farantin a buga ta baya da guduma don ramin ya cike. Kowa na yi, ba abin mamaki ba ne. Ya ce a ransa, in ya cire ta daga tagullar, ya cire ta daga hannun tsohon.

Da hantsi ya yi aikin. Innata ta ji ƙarar guduma, ta ji kuma ihu ɗaya daga ɗakin Perrine. Ta sauko da gudu, sai ta ci karo da wata mata a kan bene.

"Baiwar Allah, wa kike nema?"

"Fanchon! Ni ce!"

Muryar ta Perrine ce, rigar ma tata ce. Akwai ido, akwai hanci, akwai baki, babu abin da ya ɓace. Amma in ka kalle ta ka kau da kai, babu abin da ke zama a zuciyarka, kamar ka kalli ruwa a kwano. Perrine ta ture ta, ta shiga shago, ta tsaya gaban mijinta. Ya ɗago, magogi a hannu.

"Yau ba ma sayarwa, uwargida," in ji shi.

Daga ranar hankalinta ya tafi. Takan fita layi ta riƙe hannun mai burodi, ta riƙe na limamin cocin da ya ɗaura mata aure, tana cewa, "Ka san ni? Dube ni da kyau, ka san ni?" Kowa sai ya janye hannunsa. Daga baya ta daina tambaya, don ita ma ta daina gane kowa. Aka kai ta gidan da ake tsare mata masu taɓin hankali.

Mathurin ya koma ramin da farantin a ƙirji.

"Ka mayar mini da ita!"

"Ni na cire?" in ji Baba Gaucher. "Alƙalami na hannunka. Mayar da abinka. Sharaɗin dai bai sauya ba, fuskar wanda ke sonka."

Ya sayo ɗaya daga cikin hotunan da ya buga daga hannun wani mai shago, ya kafa a gabansa, ya kwafa layi bayan layi. Da ya gama sai ga baƙuwa tana kallonsa daga tagulla. Ya kankare, ya goge, ya buga ta baya. Ya ɗauki takarda ya tafi gidan mahaukata, aka nuna masa wata mata zaune a kan ciyawa, aka ce ita ce. Ya durƙusa a gabanta.

"Perrine, ni ne. Dube ni kaɗan, don Allah. Ba da madubi na zo ba."

Ta dube shi yadda ake duban bango. "Ina jiran mijina," in ji ta. "Yana aiki. Ya ce yana zuwa."

Ya dawo ya sake zanawa, ta sake fitowa baƙuwa. Ya kankare. Haka ya yi ta yi, sanyi da bazara, ƙofa a rufe, ba ya karɓar kowa. Maƙwabta ba sa jin komai daga gidan sai ƙarar guduma. Ya fi kowa sanin cewa duk bugu ɗaya tagullar na ƙara sirancewa a wurin, har ta kai in ya ɗaga ta a rana haske na ratsawa. Amma in ya bari, ya bar ta har abada a kan ciyawar nan. In ya ci gaba, ya san abin da ke jira. Ya ci gaba.

Wata la'asar yana jan layin leɓe, a hankali, numfashi a riƙe, sai bakin alƙalamin ya faɗa. Ya huda tagullar ya fito ta baya. Rami ne ɗan ƙarami, ko ƙwayar alkama ba za ta wuce ba. Mathurin ya ajiye alƙalamin, ya ɗauko baƙar rigarsa ya sa, ya zauna a bakin ƙofa. Da ɗan aiken gidan mahaukata ya iso, tun kafin ya buɗe baki Mathurin ya ce, "Na sani."

Shi kaɗai ya bi gawar Perrine, sai Innata daga nesa. Alkawarin tsohon bai tashi ba, ko ƙwarzane bai taɓa jikinsa ba. Ya rayu har ya tsufa tukuf, lafiya lau, a babban gidan nan mai ɗakuna da yawa, babu wanda ke kiransa cin abinci. Hoton kuwa na nan a gidajen manya har gobe, allahiya da maharbi da jariri mai fukafukai, ana kallo ana cewa ga soyayya.

Ku da ke da hannu mai kyau da zuciya mai gaggawa, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku abin da ba ya ƙarewa, kada ku tashi daga gabansa sai kun tambaye shi daga jikin wa za a cira. In ya ce ba daga naku ba, to ku gudu, don mutanen da ke zaune a teburinku yake nufi. Kwaɗayi ba ya fara cin mai shi. Sai ya cinye duk wanda zai yi masa kuka, sannan ya bar shi da rai.